Samanja Mazan Fama: Marubucin da Kakin Soja Ya Ɓoye

Ranar 12 ga Nuwamba, 2023, Allah ya yi wa Alhaji Usman Baba Pategi rasuwa a Kaduna, kuma kafin rana ta faɗi labari ya kai ko'ina cewa Samanja ya riga mu gidan gaskiya. Ta'aziyyar da aka yi ta yi a gidajen rediyo da jaridu da shafukan Facebook kusan bakinta ɗaya: an yi rashin tsohon ɗan wasan kwaikwayo. Aka tuna gashin baki, aka tuna tsawa, aka tuna yadda yake dama Hausa da Turanci a jimla guda har mai sauraro ya riƙe ciki don dariya. Duk wannan gaskiya ne, sai dai an tsallake babban aikinsa. Kafin a ga Samanja a allon talabijin sai da wani ya zauna ya ƙirƙiro shi, ya zaɓa masa muƙami da harshe da gida da abokan faɗa, sannan ya riƙa samo masa sabuwar rigima mako bayan mako tsawon shekaru. Wanda ya yi wannan aiki shi ne dai mutumin da ya sa kakin. A ganina Usman Baba Pategi yana cikin marubutan wasan talabijin na farko a ƙasar Hausa, kuma ƙwarewarsa a gaban kyamara ce ta rufe mana ido har muka manta da hakan.

An haife shi a 1942 a Pategi, garin Nufawa da ke bakin kogin Kwara, a gidan sarautar Etsu Pategi. Ya yi firamare a garinsu, ya wuce midil a Ilori, daga nan ya taho Kaduna kamar yadda samarin zamaninsa ke yi, domin ita ce hedikwatar Jihar Arewa kuma can aikin albashi yake. Ya taɓa aiki a ma'aikatar ayyuka kafin ya faɗa gidan rediyo. Ya zo a kan gaɓa. Talabijin ta fara a Nijeriya a Ibadan a 1959, ita kuma gwamnatin Sardauna ta buɗe tata tashar rediyo da talabijin a Kaduna a 1962, tasha mai awoyi da yawa da za a cike, ga ƙarancin shirye-shiryen Hausa. A nan ya haɗu da irin su Yusuf Ladan, wanda daga baya ya zama Ɗan Iyan Zazzau, mai wasan Zaman Duniya Iyawa Ne, kuma a irin waɗannan wasanni ya koyi yadda ake riƙe mai sauraro. Sai ƙasa ta rikice, yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Usman ya shiga soja, ya samu horo a sashen sadarwa. Abin da ya gani a bariki shi ya zama jarinsa. A 1973 wasan Samanja Mazan Fama ya fara fita daga Kaduna.

Wurin da za a fara ganin hannun marubuci shi ne zaɓin muƙamin. Kafin yaƙi sojan Nijeriya bai wuce mutum kamar 10,000 ba. Da aka ajiye makamai a Janairun 1970 sun kai wajen 250,000. Bariki ya cika ya tumbatsa, sojoji suka bazu cikin gari suna haya a unguwanni, suna ciniki a kasuwa, suna neman aure, ga mulkin ƙasa kuma a hannunsu. Talaka na tsoron kaki, bai kuma san abin da ke faruwa bayan shingen bariki ba. Mai son ya yi wasa a kan wannan rayuwa yana iya ɗaukar kanar ko janar, amma babban hafsa ya yi wa mai kallo nisa, kuma a zamanin mulkin soja tsokanarsa neman rigima ne. Yana iya ɗaukar kurtu, amma kurtu ba ya da iko a kan kowa, labarinsa ba zai wuce shan wahala ba. Samanja kuwa a tsakiya yake. A filin fareti shi ne dodo, sanda a hammata, ƙirji a gaba, ya duba takalmi, ya duba maɓalli, kofur da saje na rawar jiki. Da ƙaramin hafsan da bai kai ɗansa a haife ba ya ɓullo, sai ya ƙame ya sara masa. Mutum mai tsoratarwa wanda shi ma yake tsoro, mai ba da umarni wanda shi ma ake ba shi, irinsa ba ya ƙarewa da labari, domin kowace rana akwai wanda zai taka da wanda zai taka shi. Kowane magatakarda, kowane mai unguwa, kowane hedimasta ya san wannan matsayi a jikinsa. Wannan hangen na mai tsara labari ne, kuma an yi shi tun kafin a kunna kyamara.

Abu na biyu shi ne harshen. A zamanin Turawa Hausa ce harshen bariki, da ita ake horar da kurata ko daga wace ƙabila suka fito, har aka samu wata irin Hausa ta musamman da ake kira Barikanci, mai sauƙin nahawu, wadda ba ta damu da bambanta namiji da mace ba, cike da kalmomin umarni na Turanci da baki ya murɗe. Bahaushen Kano ko Katsina da ya tashi da Hausa a bakinsa zai iya kwaikwayon wannan harshe don ba'a. Usman Banufe ne da ya koyi Hausa ya kuma zauna da masu Barikanci a ɗaki ɗaya, don haka ya san inda harshen yake da daɗi da inda yake da ƙarfi. Ya gina wa Samanja murya wadda ke tsalle daga Hausa zuwa Turancin bariki ta dawo, gwargwadon fushi ko fahariya ko neman tsira. Idan yana son ya burge, Turanci ya yi yawa. Idan ta ƙure masa, Hausa ta dawo. Mai sauraro yana gane halin da gwarzon yake ciki daga irin cakuɗar da ta fito bakinsa. Wannan dabara ce ta rubutu, ko da a ka aka ajiye ta.

Hujja mafi ƙarfi a wurina tana can nesa da Kaduna, a wurare irin ƙasar Gumel. Wannan masarauta ta Lautai, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar na yau, tana arewa maso gabashin Kano, kimanin kilomita 120 zuwa garin Gumel, kuma a shekarun 1970 tana cikin tsohuwar Jihar Kano, domin sai a 1991 aka ƙirƙiri Jigawa. A wancan lokaci akwatin talabijin kayan manyan birane ne, mafi yawan ƙauyukan wannan yanki ko wutar lantarki babu. Abin da ke akwai shi ne rediyo mai batir, kuma Rediyon Kaduna na shiga ko'ina, har ya tsallaka iyaka daga Maigatari zuwa ƙasar Damagaram. Wasan Samanja yana fita a rediyo kamar yadda yake fita a talabijin. Ke nan manomin gero a Gagarawa ko mai kiwon tumaki a Sule Tankarkar ya san Samanja shekaru kafin ya ga fuskarsa, wani ma har ya mutu bai gani ba. Babu gashin baki a rediyo, babu zare ido, babu tafiyar taƙama. Abin da ya rage shi ne magana da ginin labari: wa ya yi laifi, wa zai ɓoye, yaya asiri zai tonu. Idan wasan ya riƙe waɗannan mutane, kuma ya riƙe su, to abin da ya riƙe su aikin marubuci ne. A cikin masu sauraron akwai 'yan mazan jiya da suka dawo gida daga fagen daga, waɗanda da an yi kuskure a kan yadda saje ke magana da kofur su ne za su fara tsaki.

Talabijin ta iso daga baya, kuma Gumel na da hannu a zuwanta. Alhaji Ahmad Muhammad Sani, kafin ya hau gadon sarautar Gumel a 1980, shi ne kwamishinan yaɗa labarai a gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi, gwamnatin da ta kafa jaridar Triumph da tashar CTV ta Kano, wadda yau ake kira ARTV. A shekarun 1980 kallon talabijin a garuruwan karkara na taro ne: a fito da akwati ɗaya a ɗora a tebur a fili, janareta na ruri a gefe, yara a zaune a ƙasa a gaba, manya a kan benci, wani yana juya eriya a kan dogon gora har hoto ya tsaya. A irin wannan fili aka ga Samanja daga Kaduna, da Karkuzu daga Jos, da Kasimu Yero, da Kuliya Manta Sabo daga Kano. Ba wanda ke tsayawa karanta sunayen da ke wucewa a ƙarshen shiri, da yawa ma ba su iya karatun boko ba. Sunan da ke bakin kowa shi ne na wanda aka gani.

Za a ce, kuma an sha faɗa game da wasannin wancan zamani, ai ba rubuta su ake yi ba. Mai shiri ne ke tara 'yan wasa ya ba su ƙashin labarin: a fitowa ta farko kai za ka shigo da ƙara, ke za ki musanta, a ta biyu shaida zai ɓata komai, a nan za a tsaya. Sauran magana kowa daga kansa yake zubo ta. To ina rubutu a nan? Wannan suka tana da tushe, domin haka aka fi yin aikin, kuma ba a Nijeriya kaɗai ba. A Zinder, ƙungiyar wasan gidan rediyo da talabijin ta su Yazi Dogo haka take gina wasanninta, kamar yadda Janet Beik ta nuna a littafinta na 1987 kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar. Hanyar ma ta girmi talabijin, domin 'yan tashe da 'yan kama ba su taɓa riƙe takarda ba. Sai dai a tambaya: mene ne mai wuya a rubutun wasan mako-mako? Magana ita ce mai sauƙi a bakin Bahaushe mai fasaha. Mai wuya shi ne a ƙirƙiri mutanen da ba za su canja hali ba daga wannan mako zuwa na gaba, a samo rigimar da za ta kunno kai, ta yi tsanani, ta warware cikin kusan rabin awa, a san inda za a yanke don mai kallo ya dawo. Ko a Amurka da Ingila, inda ake tara marubuta a ɗaki guda, wanda ya ƙirƙiri shiri ya kuma riƙe zarensa shi ake ɗauka babban marubucinsa, ko da wasu ne suka sa kalmomin. Maginin da ya haƙa tushe ya ja gini ya ɗora azara shi ne mai gida a aikin, ko da wani ne ya yi yaɓe. Da tsara labari abu ne mai sauƙi da kowane mai ban dariya ya yi wasan da zai shekara goma ana jiransa, kuma mun san kaɗan ne suka yi.

Amma wannan hanya ta ci Usman Baba Pategi da tsada, kuma nan ne masu sukar suka yi gaskiya ba tare da sun nufa ba. Shu'aibu Maƙarfi ya fara da wasannin rediyo, amma an buga Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, don haka ɗalibai na karanta shi har gobe. Yusuf Ladan ya mayar da Zaman Duniya Iyawa Ne littafi. Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka fi sani da Kasagi, ɗan wasa ne kamar Usman, amma Kulɓa Na Ɓarna ta shigar da shi manhajar makarantu, shi ya sa ake kiransa marubuci ba a tantama. Samanja kuwa, wanda ya fi kowannensu yawan masu sauraro a lokacin da yake tashe, ba a koyar da shi a matsayin adabi, domin malami ba ya da abin da zai ɗora a tebur ya ce a buɗe shafi kaza. Makarantunmu sun gaji ra'ayin cewa abin da ba a buga ba bai zama rubutu ba, alhali su ne kuma ke koyar da waƙoƙin Shata da Narambaɗa a matsayin adabi. In an yarda wa makaɗi da bai riƙe alƙalami ba, ban ga dalilin hana mai tsara wasa ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Wasan soja, a tashar gwamnati, a ƙarƙashin mulkin soja, ba farfaganda ba ne kuwa? Lallai rundunar soja ta amfana da shi, kuma ba wanda zai ce Samanja ya taɓa tsayawa ya tuhumi juyin mulki ko ya tambayi inda kuɗin mai ke tafiya. Tashar ba za ta bari ba, musamman bayan da gwamnatin tarayya ta haɗe gidajen talabijin duka a ƙarƙashin NTA a 1977. Duk da haka a duba abin da wasan ya yi a zahiri. Farfaganda kan nuna soja jarumi mara aibi. Samanja kuwa yana da fahariya, yana kuskure, yana jin kunya, rayuwar gida na ba shi wuya kamar kowane magidanci. A shekarun da ganin kaki kan sa mutum ya canja hanya, an zaunar da talaka yana yi wa mai kaki dariya a fili, kuma mai kakin yana cikin masu dariyar. Mutanen Maigatari, da suke kwana suna tashi da masu kaki iri-iri saboda iyaka da kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis, sun fi kowa sanin darajar a tuna cewa a cikin kakin nan mutum ne mai bashi da suruka da ciwon kai. A gabashin Nijeriya ma abin da James Iroha ya yi ke nan da wasansa na Masquerade bayan yaƙi: ya ba mutanen da suka sha wuya abin dariya, kuma shi ma ya fito a ciki a matsayin Giringori har sunan ya danne nasa. Mutanen kudu dai ba su manta cewa Iroha ne ya ƙirƙiri wasan ba, kamar yadda ba su manta Segun Olusola a kan Village Headmaster ba.

A ƙarshen shekarun 1980 NTA ta ɗauki Samanja zuwa shirye-shiryen ƙasa baki ɗaya, aka rage Hausa aka ƙara Turancin buroka don mutumin Legas da Fatakwal ya bi. Masu kallo na Arewa sun yi asarar wani abu, domin rabin daɗin yana cikin karo tsakanin harsunan biyu. Amma wasan bai faɗi ba, ya ma samu sababbin masoya da ba su jin ko sannu, abin da ke nuna cewa ginin da ke ƙarƙashin barkwancin mai ƙwari ne.

Ba na cewa shi ne na farko. Wasan kwaikwayon Hausa a rubuce ya faro tun littafin wasanni shida na R. M. East da Wasan Marafa na Abubakar Tunau, kuma a gidan rediyon Kaduna ya tarar da na gaba da shi. Abin da ya kawo shi ne wasa mai dogon zango a kan mutum ɗaya da wuri ɗaya, wanda kowane mako labarinsa ke cika amma mutanen suna nan, siffar da yau ta zama ruwan dare. Da fim ɗin bidiyo ya zo da Turmin Danya a 1990, wanda Aminu Hassan Yakasai ya rubuta, masu kallo sun riga sun saba da zama gaban allo su ji Hausa. Da Arewa24 ta zo da Daɗin Kowa, an koma ga dabarar gari guda da mutanen da ake bi mako-mako, sai dai yanzu akwai cikakken rubutu, akwai ɗakin marubuta irin su Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih. Duk da haka tsohuwar cutar ba ta warke ba: tambayi mai kallon Labarina ko Kwana Casa'in sunan jarumai, zai jero maka su, tambaye shi wa ya rubuta, sai ya yi shiru. An sha ruwaito cewa Usman Baba Pategi ya ƙi neman sarautar gidansu ya zaɓi wannan sana'a. Mutumin da ya bar rawani don aiki, ƙaramin haƙƙinsa shi ne a kira aikin da sunansa na gaskiya.

Abin damuwa shi ne lokaci na ƙurewa. A zamanin da aka yi waɗannan wasanni kaset na da tsada, gidajen talabijin a ko'ina a duniya, har da BBC, sukan goge tsohon shiri su ɗora sabo a kai, wanda ya tsira kuma zafi da ƙura da laima na cinsa a ɗakin ajiya. Abin da ke yawo na Samanja a YouTube guntaye ne idan aka gwada da shekarun da ya yi yana fita. NTA Kaduna da Rediyon Tarayya na Kaduna su ne ya kamata su fara buɗe ɗakunan ajiyarsu, su kwafe abin da ya rage zuwa kwamfuta, su bari masu nazari su rubuta shi a takarda kalma da kalma, a buga ko da wasa goma ne a littafi ɗaya da sunan Usman Baba Pategi a bango. Masu koyar da Hausa a Kwalejin Ilimi ta Gumel da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa ba sai sun jira Kaduna ba. A Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar har yanzu akwai dattawan da suka saurari wasan a rediyo, suna iya ba da labarin wasu fitowa daga farko har ƙarshe, akwai kuma tsofaffin sojojin da za su faɗi inda ya dace da barikin gaske. A tura ɗalibai da wayoyinsu su naɗo muryoyin waɗannan mutane tun suna raye.